Ranar da Na Kwashe Gida Zuwa Kogin Shari

Ko da tunanina zai zube kamar gero a buhu mai huji, akwai ƙwaya ɗaya da za ta maƙale, ita ce ranar da muka fita yawon jirgin ruwa a kogin Shari da iyalina. Shekaru sun ja, yaran da aka yi abin a gabansu sun girma, amma har yau in na bi ta bakin kogin na hango kwale-kwale, sai kunya ta fara kama ni, dariya ta biyo baya.

Ni haihuwar Amrigebe ce a nan Njamena, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Duk bikin da ya taso a dangi ni ake kira, don an ce na iya shiri. Yabon nan ya shige mini kai ƙwarai, har na fara ganin in ban sa hannu a abu ba, to bai shiryu ba.

Bayan wata ƙaramar Salla da ta faɗo tsakiyar zafi, ƙanena da ke aiki a ƙasar waje ya zo hutu. Muna zaune a tsakar gida ana shan shayi ya ce, "Yaya, ina so in fitar da Inna da yara su sha iska. Na yi magana da wani mai jirgi a Milezi. Zai gangara da mu wani wuri mai itatuwa, mu wuni, mu dawo kafin rana ta faɗi."

Kalmar nan ta jirgi ita ta cuce ni. A 'yan kwanakin ina yawan kallon wasu hotuna a waya, na manyan jiragen teku masu hawa kamar bene, mutane na yawo a ciki cikin ado, ana ta kawo musu abinci. Na san dai Shari ba teku ba ne, ban haukace ba. Amma na saka a raina cewa ko yaya ne za a sami mai ɗaki da kujeru, wataƙila har da wurin canza kaya. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, ni kuwa a ganina mai iya shiri ba ta tambaya.

Na shiga aiki ba kama hannun yaro. Na hau kalando, wato ɗan acaɓanmu na nan, har Ngeli, na tsallaka gada zuwa Kusuri ta Kamaru na sayo atamfa iri ɗaya aka ɗinka wa yara anko. Na sayo jakunkuna masu zif, su ma iri ɗaya launi ɗaya, don kada mu shiga jirgin mutane da tarkace kala-kala. Kowane yaro na zuba masa kayan zuwa da na cin abinci da na dawowa. Na naɗe babbar darduma, na ɗauki matasan kai saboda Inna, da fanka mai batir, da kaskon turaren wuta, da murhun gawayi da kayan shayi. Na soya kaji, na dafa shinkafa, na yi kisar, wato gurasarmu ta nan mai falle-falle, da miya, na cika kula da karkanji mai sanyi, wato zoɓo. Har rigunan sanyi na saka, a watan da ƙadangare ma ke neman inuwa, don na ji an ce kan ruwa akwai iska.

'Yata ta tsakiya, lokacin ba ta kai shekara goma ba, tana da asma. Akwai ɗan maganinta na shaƙa da ba ma rabuwa da shi. Na tsaya na yi dogon tunani a kansa, na ce tafiyar ruwa ce, kada ya jiƙe. Sai na naɗe shi a leda, na nemi wuri mai murfi na ɓoye, na rufe jaka, ina yaba wa kaina hankali.

Maigida ya shigo ya ga kaya jibge a tsakar gida. Ya zagaya su ya ce, "Hajiya, wuni aka ce ko hijira?"

Na ce, "Kai dai ka sa hularka ka biyo mu. In an je ana neman abu, za ka san amfanina."

Ya ce, "To, Allah ya nuna mana."

Ranar tafiya na ci ado na fitar da kai kunya. Na sa leshi mai nauyi, na kafa ɗauri, na hau takalmi mai tsini. Mota guda ta ɗauki mutane, wata mai buɗaɗɗen baya ta ɗauki kaya. Muka sauka a bakin ruwa ta Milezi, na duba dama na duba hagu, ban ga komai ba sai wani dogon kwale-kwalen katako mai inji a baya, an kafa masa sanduna an rufa tsohon tanti.

Na ce wa ƙanena, "Ina jirgin? Ko wannan ne zai kai mu wurinsa?"

Ya dube ni, ya dubi kayan da ake saukewa, ya ce, "Yaya, ai shi ke nan jirgin."

Da ina da wayo, a nan zan mayar da rabin kayan gida. Amma mutanen bakin ruwa sun riga sun zuba mana ido, kuma maigida na tsaye yana danne dariya. Na ce ko allura ba za a bari ba. Mai jirgin, wani dogon mutum mai fara'a, ya sosa ƙeya ya ce da Larabcin garin nan, "Ma fi mushkila, ya Hajje," wato babu damuwa. Shi ma dai bai so ya ɓata wa mai ado rai ba.

Aka fara lodi. Na ga ruwa ya ɗan kwanta a ƙasan jirgin, na ce jakunkunana ba za su zauna a kansa ba. Mai jirgin ya fito da rigunan ceto. Ƙanena ya sa wa yara nasu ya ɗaure, ni kuwa na karɓi na manya na shimfiɗa su a ƙasa, aka jera kaya a kai. Har yau in na tuna wannan sai na riƙe baki. Abin da aka yi don ya ceci raina, shi na mayar katifar jaka.

Farkon tafiyar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Iska na kaɗawa, gari na ja da baya. Ga mata na wanki a gaɓar Kamaru, ga masunta na jefa birgi, ga fararen tsuntsaye jere a kan yashi. Inna ta zauna a kan matashinta tana jan carbi tana murmushi, ta ce rabonta da shiga ruwa tun tana budurwa. Yara na ta ihu suna taɓa ruwan, wanda nauyinmu ya sa ya kusa leɓen jirgin. Ni kuma ina zaune a miƙe kamar amarya, ina gyara ɗauri, ina sa ƙanena ya ɗauke ni hoto ta gefen da tantin bai yage ba.

Mun yi nisa da gari sai muka ji ƙuuu daga ƙasa, jirgin ya yi girgiza ya tsaya cak. Lokacin zafi ruwan Shari kan janye, yashi ya taso a tsakiya, mu kuwa mun nutse fiye da kima. Mai jirgin ya ce maza su sauka a tura. Maigida da ƙanena suka naɗe wando suka dira, ruwan ya kawo musu cinya. Suka tura, jirgi ya ce bai san zance ba. Mai jirgin ya koma ya ba inji wuta iya ƙarfinsa. Injin ya yi ta gurnani yana aman baƙin hayaƙi, iska kuma ta kwaso hayaƙin ta tura shi ƙarƙashin tantin da muke.

Sai na ji tari a bayana. Na waiga na ga 'yata ta dafe ƙirji, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, numfashinta na fita da ɗan fito. Ta ce, "Mama, ƙirjina."

Maigida ya daka wa mai jirgin tsawa ya kashe inji. Inna ta ja yarinyar zuwa goshin jirgin inda ba hayaƙi, ta zaunar da ita a miƙe, ta kwance mata rigar ceton da ta matse ta. Duk suka juyo gare ni. Maigida ya ce, "Hajiya, maganinta!"

Na dubi tulin jakunkunan nan, iri ɗaya launi ɗaya, kaina ya ɗauke wuta. Na san na naɗe shi a leda. Na san na sa shi a wuri mai murfi. Amma wace jaka, wane murfi, Allah ya shafe mini.

Na zuge ta farko, rigunan sanyi. Na watsar. Ta biyu, kayan dawowa. Na watsar. Ƙanena na tsaye cikin ruwa yana karɓa yana jefawa kan yashin da ya fito fili a gefe. Matashin kai guda ya suɓuce ya bi ruwa. Gwiwata ta bugi tukunyar kaji ta kife, ban ko kalle ta ba. Ina jin fiton nan na ƙirjin yarinyar yana ƙara siranta, ina jin Inna na cewa, "Sannu, ja a hankali, kalle ni, ja a hankali," tana haɗawa da salati. Leɓen yarinyar ya fara canza launi. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. A tsakiyar kogi muke, babu likita, babu mota, kuma abin da zai taimake ta yana nan kusa da hannuna, ni da kaina na binne shi.

Jakunkunan ƙasa sun danne juna ba sa jawuwa daga ciki, sai na ce bari in sauka in ja ta waje. Na manta da abin da ke ƙafata. Ina dira tsinin takalmin ya lume cikin laka, na tafi da baya na zauna daɓas a ruwa. Leshi ya sha ya ƙoshi, ɗaurina ya tashi ya bi matashin. Na miƙe ba takalmi, na finciko wata jaka na zazzage ta a kan yashi. Kofunan shayi suka watse, butar shayi ta gangara, sai na ji wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a cikinta.

Butar shayi! Nan ne wuri mai murfin da na yi ta yaba wa kaina.

Na yage ledar da haƙori, na ratsa ruwan da gudu na miƙa wa maigida. Ya sa mata a baki ta shaƙa, aka jira, ta sake. A hankali kafaɗunta suka sauka, fiton ya ragu, ta jingina da ƙirjin Inna ta lumshe ido. Da ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa ta ce da 'yar muryarta, "Mama, ina ɗankwalinki?"

Na fashe da kuka, sauran suka fashe da dariya.

Ba a gama ba. Na koma kan yashin in tattara abin da ya rage, sai na ji yara na ihu. Ashe da aka sauke kayana, jirgin ya yi sauƙi ya taso da kansa, ya fara sulalewa da Inna da jikokinta. Abin da maza suka kasa da ƙarfin tuwo, cire tarkacena ya yi shi. Mai jirgin ya yi tsalle ya cafke igiya, su maigida suka kama masa. Ni kuwa ga ni tsaye a tsakiyar Shari, kai ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi, rungume da fanka mai batir.

Na fara cewa a dawo da kaya ɗaya bayan ɗaya. Mai jirgin ya ce to, amma a hanzarta, don dorina kan fito hutawa a wannan yashin in rana ta yi tsaka. Ban san gaskiya ya faɗa ko ya gaji da ni ba ne. Abin da na sani shi ne, ni da aka ɗaga aka saka a jirgi da safe saboda takalmi, babu wanda ya ga lokacin da na haye. Muka ɗauki abin da ya sauƙaƙa, darduma da murhu da rigunan sanyi kuwa muka bar wa wasu masunta da suka matso kallo. Kafin a tayar da inji kowa ya sa rigar cetonsa, har da ni, a kan jiƙaƙƙen leshi.

Ba mu kai wuri mai itatuwan ba. Muka juya saboda yarinyar, muka wuce da ita asibiti aka duba, aka ce ta samu lafiya. Da la'asar muka zauna a tsakar gida a kan tabarma, muka ci kisar da miyar da ta tsira, muka sha karkanji. Na kasa haɗa ido da kowa. Inna ce ta taɓa gwiwata ta ce, "Ke dai 'yar nan, ba mugun nufi ne ya sa ki ba, so ne ya yi miki yawa. Amma ruwa ba ya ɗaukar duk abin da zuciya ta ɗauka." Maigida ya miƙo mini kofi yana kallon sama, gemunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Tun daga ranar na canza yadda nake shirin tafiya, ta ruwa ce ko ta ƙasa. Kafin in taɓa jaka sai na tambaya me za mu hau, ina za mu, yaushe za mu dawo. Sannan in tambayi kaina, mene ne abin da in an neme shi ba a samu ba nan take, rai zai shiga haɗari? Wannan ba ya shiga kaya, a jikina yake tafiya, kuma sai na nuna wa wani babba inda yake. Sauran duk ado ne, in sun jiƙe su bushe, in sun ɓata a sayi wasu. Na je kogi don mutane su ga na iya shiri, na dawo da sanin cewa wanda ya iya shiri shi ne wanda in an ce "kawo" hannunsa ya san inda zai nufa.