Ranar da Aka Share Ayabar Kaka

Da zarar hayaƙin sharar gona ya shigo mini ɗaki da bazara, sai raina ya ɓaci. Jikokina sun ɗauka tari ne ke damuna. Ina! Abin ya girmi iyayensu.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, kakana na wajen uba yana da 'yar gonar ayaba da agade a fadamarmu, kusa da Gazara. Daga fataucin goro a Kudu ya zo da irin. Mu kuwa mutanen dawa da masara ne, kuma a wurinmu gonar da ba a share ba gonar rago ce. Shi Kaka bai yarda tsintsiya ta shiga tasa ba. Busasshen ganye, ruɓaɓɓen kututture, tokar murhu, kashin awaki, duk a gindin ayaba suke ƙarewa, kuma ni ce mai kai masa a kwando.

Idan na sauke, sai ya ce, "Amarya, zo ki gaida ma'aikatana." Ya ɗaga ganye, sanyi ya taso da ƙamshin ƙasa ko da rana na ƙuna. Ga jajayen tana sirara suna mutsu-mutsu a cikin ruɓa. Ya tona kaɗan, ga wasu farare gajeru a jikin saiwa. Can ƙasa kuma akwai baƙaƙe masu kaurin yatsa, waɗanda ke huda ramin da ruwa ke bi. Kowacce da aikinta, in ji shi, kuma babu mai neman a ba ta fura. Nakan yi tsaki in ce wannan miji nawa ƙazami ne, shi kuma ya yi ta dariya.

Masu wucewa kasuwar Makarfi ba su bar mu mun sha ruwa ba. Wannan ya ce juji ne, wancan ya ce gidan macizai. Abin da ya fi cin Baba shi ne da aka ce tsoho yana da ɗa kamarsa amma gonarsa ta zama bola.

Sai kurkunu ya kwantar da Kaka ana tsakiyar zafi. Baba ya ga dama ta samu ta yi wa mahaifinsa alheri. Ya kira gayya, aka kwashe ganyen nan kaf, aka tara, aka cinna wuta, kamar yadda ake yi wa gonar dawa. Ina tsaye da kwandon toka a kaina, ina kallon tana suna birgima a ƙasa mai zafi, tsuntsaye na tsince su. Na ce, "Baba, Kaka ya hana." Ya ce, "Kai wa mutane ruwa." Iyakar maganata ke nan, don a gidanmu 'ya ba ta maimaita wa uba zance.

Kowa ya yaba. Har a masallaci aka sa wa Baba albarka.

Da Kaka ya fara dogara sanda, na raka shi fadama. Ƙasa ta yi tauri ta tsattsage, ganyen ayaba ya yi rawaya ya langaɓe. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona nan, ya tona can. Ko tana ɗaya babu. Baba na tsaye gefe yana jiran godiya. Kaka ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka."

Wallahi na so ya yi faɗa. Garin neman gira an rasa ido, amma tsohon nan ya zaɓi ya rasa ayabarsa da ya kunyata ɗansa a gaban jika. Kafin ruwan farko ya sauka, yawancinta ta bushe, kuma bai sake taka fadamar ba.

Yanzu rake ne a wurin, ana yi masa feshi da takin zamani, sai ka tona rami ya kai gwiwa ba ka ga tana ba. Idan na yi magana, yara su ce Hajiya ta fara rikicewa. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa rana ce ta kashe ayabar, kuma babu wanda ya musa masa.