Baban Aro

Kafin mai gadi ya buɗe ƙofar makarantar firamaren, shi ya riga ya buɗe tasa. Shagonsa na tsallaken titi, ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, tagar kuma tana kallon azuzuwan. Yakan share bakin ƙofa, ya ɗiga wa keken ɗinkinsa mai, ya rataya abin awo a wuya, sannan ya haɗa shayinsa. Kofuna biyu ne a kan kantar shagon, amma ɗayan ya daɗe a kife. Yana kurɓa yana kallon yara suna shigewa, wanda maɓallinsa ya fita, wadda aljihunta ya yage, duk yana lura da su, don ya san kafin la'asar za su iso hannunsa.

Tela ne. Manya na ce masa Baba Tela, yaran makarantar kuwa Baban Aro suka sa masa, kuma da wannan sunan ya fi saurin waiwayowa.

Ga asalin sunan. A ƙarshen kowane zango makarantar na yin ranar iyaye. Ana ajiye kujera kusa da teburin kowane yaro, uwa ko uba ya zo ya zauna, yaron ya buɗe littattafansa ya nuna abin da ya koya. Wanda nasa suka zo, ranar bakinsa ba ya rufuwa. Wanda nasa ba su zo ba, haka zai zauna kusa da kujerar da babu kowa a kanta, yana wasa da fensir, yana satar kallon ƙofa duk lokacin da ya ji takun mutum.

A da matarsa ce ke zuwa wa 'yarsu tilo. Shi cewa yake, wanda bai iya karanta komai ba sai lambobin abin awo, me zai je ya duba? Shekarar da Allah ya yi mata rasuwa, ranar ta zagayo, ya hau keken ɗinkinsa kamar kullum. Can ya ɗaga kai, ya hango 'yarsa ta taga. Ta ɗora jakarta a kan kujerar, wai don kada a gane babu kowa. Ya bar rigar mutane a ƙarƙashin allura, ya tsallaka titi da abin awonsa a wuya.

"Ɗauke jakar, uwata," ya ce mata. "Ni dai ban iya ba. Ke karanta min."

Ta karanta, yana gyaɗa kai har a wuraren da ta yi kuskure. Da ta gama, yarinyar da ke teburin gefe ta turo nata littafin a hankali, ba ta ma kalle shi ba.

"Baba, ni ma."

Ya matsa kujerarta. Ranar sai da ya zauna a duk kujerar da ya tarar babu kowa a ajin.

'Yarsa ta gama, ta yi gaba da karatu, aiki da aure suka kai ta nesa. Ya rage shi kaɗai a ɗaki, daga shi sai rediyo da keke. Ba shi da sauran ɗa a makarantar, amma ranar iyaye ba ta taɓa wuce shi ba. Malaman da suka tarar da shi sun yi ritaya sun bar shi yana zuwa. Malamar aji biyu ta ce ta taɓa ganin wani yaro da ba ya buɗe baki a aji ya karanta masa shafi guda, don kawai Baba ya ce masa, "Yi a hankali, ni ɗalibinka ne, kaina da tauri."

Sai dai shi abin bai taɓa gamsar da shi ba. Yakan ce wa shugabar makarantar, "Ni fa aro ne. Yaro zai yi min murmushi, amma idonsa na bakin ƙofa."

Shi ya sa ya ƙirƙiro wata dabara da ta ja masa zagi ba kaɗan ba. Kusan duk kayan makarantar unguwar shi ke ɗinkawa. Idan uba ya zo karɓa, sai ya riƙe rigar ya yi masa tambaya. Wani direban babbar mota har yau yana ba da labarin tasa ranar.

"Yaron nan, aji nawa yake?"

"Uku ne ko huɗu, Baba. Uwarsa ce ta sani."

"Wa ke koyar da shi?"

Direba ya sosa ƙeya.

"To rigar ba ta gamu ba, saura maɓalli ɗaya. Tsallaka ka gaida malaminsa, kafin ka dawo na ɗinke."

"Haba Baba, ga maɓallan nan duka ina gani."

"Idonka ne. Ni na san aikina."

Direban ya tsallaka yana gunaguni. Bai fito ba sai bayan an tashi, ɗansa na riƙe da hannunsa yana nuna wa abokansa shi. Wasu kam fushi suka yi, suka kwashe ɗinkinsu suka kai wani wuri, har suka daina gaishe shi. Wasu kuma da suka shiga sau ɗaya suka ga hanya. Wani kafinta ya je gaisuwa ya ƙare da gyaran bencuna. Wata mai sayar da kayan miya ta haɗa iyaye mata suna karɓa-karɓa wajen tsallakar da yara titi. Duk da haka, kowane zango sai ya tarar da kujerun da ke jiransa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya koma shago da yamma babu wanda zai ba labarin abin da aka karanta masa.

Kai ne, Baba, ka zauna kusa da 'ya'yanmu ranar da muka ce aiki ya yi mana yawa. Kai ne ka yaba rubutun da ba ka iya karantawa ba, ka tafa wa zanen da mu ko kallo ba mu yi masa ba. Uban wanda nasa bai zo ba. Mun san kana komawa ɗakin da babu mai yi maka sannu da zuwa, kuma ba mu cika leƙa ka ba sai riga ta yage. Wannan abin kunya ne gare mu, gara mu faɗa.

Bana idonsa ya gaza. Zare ya daina shiga masa allura, sai ya jira wani ya zo wucewa ya roƙe shi. 'Yarsa ta ce zaman kaɗaicin ya isa, za ta tafi da shi wurinta. Bai yi gardama ba, ya dai roƙi ta bari ranar iyaye ta wuce. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni: wa zai zauna? Ɗinkin ƙarshe da ya yi da kansa ya bi gida-gida yana kaiwa, a kowace ƙofa maganarsa ɗaya ce: "Na kusa tafiya. In ba ku je ba, babu kowa."

Ranar ta zo. Ya sa rigarsa mai kyau, ya rataya abin awo duk da babu sauran abin aunawa, ya tsallaka. Ya leƙa aji ɗaya, kowace kujera da mutum. Aji biyu haka. A aji uku ya ga ƙeyar direban nan, ya sunkuya kan littafin autarsa. A aji huɗu akwai wani maraya da Baba ya saba zama masa, sai ya nufi can da sauri. Wata mata ce zaune a wurin da kayan asibiti a jikinta. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ba ka gane ni ba? Ni ce mai 'ni ma'."

Ta mayar da kanta kan littafin, don yaron bai kai ƙarshen layi ba.

Ya zagaye makarantar har aji na ƙarshe. Daga nan ya tsaya a baranda shi kaɗai, muryoyin yara na fitowa ta kowace taga, babu mai kiran Baban Aro. Shugabar makarantar ta fito masa da kujerar ofishinta, ya ce ta mayar, wannan ba ta kusa da yaro. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tsallaka titi.

'Yarsa na ɗaure kaya a shago. Ta ce, "Baba, har ka dawo?"

"Ban samu kujera ba, uwata."

Ta miƙe za ta je ta ji dalili, sai ta ga dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa. Ta zaunar da shi a kan kujerar keken. Ta ɗauko kofin nan da ke kife ta wanke, ta haɗa musu shayi su biyu.

Mun gode, Baba Tela. Allah ya ƙara lafiya, ya saka maka da alheri, ya sa ka samu mai zama kusa da kai kamar yadda ka zauna kusa da namu. Mu kuma iyaye, kada cikar rana ɗaya ta ruɗe mu. Ka san ajin ɗanka, ki san malamar 'yarki, ku shiga ku gaisa tun kafin a aiko kiranku. Zango mai zuwa tagar nan ta tsallaken titi a rufe za ta kasance. Za a sake jera kujeru, yaronka zai sake kallon ƙofa, kuma babu sauran uban da zai ara.