Matafiyi Ba Ya Haƙa Harsashi

Sana'ata duba gidaje ce. Mai shirin sayen tsohon gida a Khartoum ko Bahri, ko wanda aka yi wa gyara zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ke kirana, in je da 'yar gudumata in ƙwanƙwasa bango in saurara. Aikin ya ɓata mini ɗabi'a. Ko gaisuwar mutuwa na je, ana addu'a idona na kan kusurwar rufi. Matata ta ce gwamma a gayyato gara gida da a gayyato ni, don ita a shiru take ɓarnarta.

Gida ɗaya ne ban taɓa dubawa ba, namu na Omdurman. Kakanmu ne ya gina shi da ƙasa, sa'ad da ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, guzuri ya yanke masa a nan. Duk shekara kafin damina akan yi masa yaɓen ƙasa da kashin dabbobi. Da Allah ya buɗa wa yayana, ya rantse mahaifiyarmu ta gama shaƙar wannan wari. Ya sa aka lulluɓe ɗakinta da siminti ciki da waje, aka manna tayil har ƙugu, aka shafa shuɗin fenti. Saura rufin kankare, wanda ya ce za a zuba bayan Sallah. Duk wannan kafin yaƙi ya watsa mu ne.

Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar tana tura ƙofar ɗakin da kafaɗa. Ƙofa ba ta cijewa banza. Na kai ƙashin yatsa na buga bango, ya amsa mini kamar ganga. Daga kusurwar taga ga tsaga ta tafi a karkace, an cike ta da fenti, a gindin tayil kuma farin gishiri ya feso. Bangon ƙasa numfashi yake yi. In ka toshe shi da siminti, danshi ya rasa mafita, sai ya zauna a ciki yana cinsa. Gyaran gangar auzinawa aka yi mana, kuma a jikin bangon nan Inna ke jingina gadonta.

Na koma Bahri, zama ya gagare ni. In zauna in miƙe, in fita tsakar gida in dubi gabas. Hadari bai fara haɗuwa ba, amma iska ta sauya, kowa ya san damina ta ƙarato. Washegari na ari diga, na bi motar kasuwar Suk al-Shabi, na sake hawa wata na ƙetara gada. Na haƙa gindin bangon ta waje ina neman harsashi. Babu dutse, babu bulo. Bangon a bisa ƙasa kawai yake zaune, kamar tukunya a kan murhu, ƙasansa kuwa ya jiƙe har yana kama yatsa.

Yaya ya iske ni cikin ramin.

"Kai Auta, gidan ubanka ma sai ka nemo masa aibu? Halas, ya isa haka, ka rufe ramin nan!"

"Yaya, wallahi in ka ɗora kankare a kan wannan, kabari ka rufa."

Ya yi fushi, ni ma na yi, har maƙwabta suka leƙo. Amma shi mai sauƙi ne, da na danƙa masa laka a tafin hannu ya sauko. Inna ce dutsen. Na ce ta koma rumfa kafin a rushe bangon a haƙa harsashi, ta ce a ɗakin nan ta haife mu, a nan za a ɗauke ta. Na yi ta zarya tsakanin Bahri da Omdurman, yau lallashi, gobe faɗa. Aikin mutane na bari, abinci ma a tsaye nake ci. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ina jin haushinta.

Ranar da aka fara yayyafi na riƙo hannunta na kai ta bakin ramin. Na ɗauka za ta firgita. Dariya ta yi.

"Yo wannan ne labarin? Ai tun ina amarya na san babu sas, babu harsashi a ƙarƙashinsa. Kakanku ne ya hana a haƙa. Ya ce matafiyi ba ya haƙa harsashi, shi baɗi zai wuce Makka. Kowane kharif, da damina ta ƙarato, sai ya ce a yaɓe kawai, baɗi za mu wuce. Ubanku ma haka ya riƙa faɗa, kunyar karya maganar tsoho yake ji. Ni ce zan karya?"

Ban taɓa jin wannan ba. Na tsaya da diga a hannu, ruwa na ɗiga mini a wuya. Kaka yana maƙabartar Omdurman, Baba yana kusa da shi, jikokin Inna kuwa Larabci suke amsa mata in ta yi musu Hausa.

Na ce, "To Inna, wa ya rage da zai wuce?"

Ta daɗe tana kallon ramin, ruwa na taruwa a ciki. Can ta gyara mayafinta ta juya, ta kira Yaya ya kama mini gadon mu fitar rumfa. Muna cikin cicciɓarsa ta tsayar da mu a bakin ƙofa, ta dafa bangon da tafin hannu.

"Ku haƙa," in ji ta. "Ku zurfafa kwayyis, da kyau. Mun riga mun iso."