Kabejin da Ya Ƙi Bambanta

Akwai ranar da har yanzu ba ta fita daga raina ba, ranar da Dokta, shugabar aikinmu, ta ajiye takarduna a tebur ta ce, "Iliyasu, ko ƙarya ka rubuta, ko ba ka zuwa lambun."

Lokacin ina ma'aikacin gona na wucin gadi a wata cibiyar bincike, kuma sakamakon wannan gwajin ne zai sa a tabbatar da ni ko a sallame ni. Abin da muke gwadawa wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙanana kamar garin kwaki. A cikinsu akwai irin ƙamshin da ganye ke fitarwa idan tsutsa ta cije shi, wanda ke sa shuke-shuken kusa su shirya kare kansu. Ɓawon na sitacin rogo ne, yana ruɓewa a hankali, ƙamshin na fita kaɗan-kaɗan.

Ƙa'idar aikin ita ce a zuba wa wasu shuke-shuke, a bar wasu haka nan, sai a kwatanta. Na samu masu lambu biyu a bakin babbar kwata ta wajen unguwar Alajo, Baba Seidu da maƙwabcinsa Hamadu, dukansu mutanen Nijar. Don kada in rikice, na ce fangali goma na Baba Seidu za a zuba wa, goma na Hamadu a bar su, na kafa musu farin ƙyalle don alama. Da yake daga unguwar Maamobi nake zuwa, ba kullum nake lambun ba, sai na bar wa Baba Seidu ledar ƙwayoyin, na nuna masa awon cokali.

Sati shida ina ƙirga ramukan tsutsa a ganye. Na Baba Seidu lafiya lau. Na Hamadu ma lafiya lau! Na sake ƙirgawa, na canza tabarau, har na zargi iska da kwashe ƙamshin. Wallahi kaina ya ɗaure tamau. Dokta kuwa ta ba ni kwana uku in kawo bayani.

Na koma lambun da hantsi, na tsuguna a fangalin Hamadu ina tona gindin kabeji da yatsa. Sai ga ɓawon ƙwayoyinmu, rabi a ruɓe.

Na ce, "Baba, me ya kawo wannan nan?"

Ya ajiye bokitin ban-ruwa. "Ni na zuba."

"Haba Baba! Ban ce a bar na Hamadu ba?"

"Ka ce. Na zaci ba zai isa ba ne, sai na ga ya isa. Ɗana, shekara nawa muna cin tuwo a kwano ɗaya da mutumin nan. In zauna tsutsa na cinye masa kabeji, magani na aljihuna? Da wane ido zan dube shi a masallaci?"

Na yi ta bayani cewa da gangan ake barin wasu. Ya dube ni kamar na zare. "Wato ka san zai lalace, ka sa masa farin ƙyalle kana jira?"

Na tattara takarduna na koma cibiya.

Na gaya wa Dokta gaskiya duka. Ta dafe kai ta ce rabin awo kowa ya samu, don haka ba a san ko maganin ne ya yi aiki ko tsutsa ce ba ta zo ba bana. Laifin raba fangali bisa masu shi nawa ne, ban musa ba. Ƙarshen wata aka sallame ni, kuma na ji zafi ƙwarai.

Ku da kuke fara irin wannan aiki, kafin ku kafa alama a gonar mutum, ku tambayi wa yake ci da shi, ku kuma faɗa masa ƙiri-ƙiri wanda za a hana da dalili. Ni dai an tambaye ni sau da yawa wanda ya ɓata gwajin nan, kuma har yau bakina bai iya cewa Baba Seidu ba.