Kififiyar Rafin Jikwoyi

Lokacin da na fara aiki a Abuja, garin kamar hura shi ake yi. An dawo mulkin farar hula, arzikin mai ya buɗe, duk inda ka waiga tifa ce ke juye yashi. An tura ni sashen da ke duba lafiyar ruwa, ƙarƙashin wani dattijo mutumin Zariya da ya yi karatunsa a kan kifi. Oga kowa ke ce masa, ni ma na bi sahu. Ba ya son zaman ofis, sai ya sa dogon takalmin roba ya shiga ruwa za ka ga fuskarsa ta saki.

Aikinmu shi ne mu bi rafukan da ke ratsa unguwanni, mu ɗebi ruwa a kwalabe a kai ɗakin gwaji, sannan mu duba abin da ke rayuwa a ciki. Akwai wani rafi a bayan Jikwoyi da muke zuwa duk wata. Farkon zuwana na ga karfasa da tarwaɗa a cikinsa, ga kwaɗi, ga zalɓe tsaye a kan dutse, mata na wanki a gefe. Sai masu buga bulo suka kafa sana'arsu a bakinsa, masu wankin mota suka biyo baya. Makanikai suka riƙa tuttular da baƙin mai a lambatu, sababbin gidaje kuma suka juyo masa bututun ban-ɗakinsu. Mukan rubuta rahoto, a sa hannu, a ɗora a kan kanta.

Wata safiya, washegarin ruwan farko na damina, muka je. Tun kafin direba ya tsayar da mota wari ya tarbe mu. Ruwan saman ya wanko duk dattin da ya taru a lambatu tun rani, ya zuba a rafin lokaci guda. Kifi ne birjik a saman ruwa, cikinsu fari fat yana kallon sama. Mutane sun cika bakin rafin da robobi suna kwasa.

Na nufi wata mata da ta kusa cika bahonta, na ce, "Mama, don Allah kada ki ci kifin nan. Guba ce ta kashe shi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce da irin Hausarta, "Madam, wuta zai kashe guba. Kai kana da nama a gida. Ni yara yana jira."

Ta ɗora bahon a ka ta wuce.

Ina nan tsaye sai na ji Oga yana ƙwala mini kira daga cikin ciyawa. Ya sunkuya a kan wata ƙatuwar kififiya, kunkurun ruwa, faɗinta ya kai faifai. Baƙin mai ya rufe mata idanu, tana buɗe baki da ƙyar. Wani mutum ya matso da adda, ya ce, "Oga, ka bar mini, farfesu zan yi."

"Ba za ka taɓa ta ba," in ji Oga, ko ɗagowa bai yi ba. Ya juyo gare ni. "'Yata, duk zuwan da muke yi ban taɓa sanin tana nan ba. Wannan ta girmi unguwar nan."

Muka wanke ta da ruwan da muke ɗauraye kwalabe, muka sa ta a roba a bayan mota. Oga ya ce za mu nema mata wani ruwan mu sake ta. Direba ya ce, "Yallaɓai, aikin fa?" Oga ya ce wannan shi ne aikin.

Muka kama hanyar Karshi. Rafin farko da muka tsaya, kumfar sabulu ce da ledoji sun toshe bakin kwalbati. Oga ya leƙa, ya girgiza kai, ya dawo. Na gaba, masu haƙar yashi sun mayar da shi jan taɓo, tifofi sun yi layi har cikin ruwan. A wani kuma mun tarar da bola ta cinye gaɓar gaba ɗaya, aladu na tono a ciki. Rana ta take, motar ta ɗauki zafi. Ni na koma baya kusa da robar, ina yayyafa mata ɗan ruwan da ya rage. Sau ɗaya ta miƙo wuya, ta ja ƙafarta a jikin robar. Daga nan ban ƙara ganin ta motsa ba.

Na ce, "Oga, ina jin ta mutu."

"Suma ce. Suna jure wahala." Ya ce wa direba ya ƙara wuta.

Sai da muka wuce Karshi, muka bar kwalta, sannan muka sami wani ɗan rafi a gindin duwatsu, ruwansa garau har ana ganin tsakuwa. Oga ya tattare wandonsa ya shiga da ita, ya riƙe ta a cikin ruwan da hannu biyu. Ya daɗe a haka. Da ya saki, ruwan ya juya ta, ta tafi ta maƙale a saiwar wata bishiya, kanta a langaɓe.

Ya ɗauko ta. Direba ya ciro ƙarfen kwance taya ya tona rami a cikin yashi, muka binne ta. Azahar ta yi, muka yi alwala a nan muka yi salla. A hanyar komowa kwalaben ruwan Jikwoyi suna ta ƙara a baya duk sanda muka faɗa rami.

Sakamakon gwaji ya nuna abin da idonmu ya riga ya gani. Oga ya zauna da kansa ya rubuta rahoto mai zafi, ya hau bene ya kai wa darakta hannu da hannu. Ya sauko ya ce mini an yi masa godiya, an ce za a kafa kwamiti. Ban taɓa jin kwamitin ya zauna ba.

Bayan damina na koma rafin tare da direba, don Oga ya ce gwiwarsa na ciwo. Na ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya, na ja ƙaramar koma a cikin ruwan. Ban da jajayen tsutsotsin da ke son ƙazanta, ban sami komai mai rai ba. Na tambayi matan wurin labarin mai bahon nan, suka ce ta tashi, an rushe gidajen layinsu za a yi sabon gini.

Oga ya yi ritaya ba da jimawa ba, ya koma Zariya. Sau ɗaya ya dawo ofis, neman wasu takardunsa na fansho. Ya rame, yana dogara sanda. Na ba shi kujerata, na haɗa masa shayi, ina jira ya tambaye ni labarin rafin. Ya tambayi maigidana da yara, ya yi ƙorafin cunkoson motoci a hanyar Mararaba, ya shanye shayinsa, na raka shi bakin titi ya hau tasi.