Na Yi Shiru Aka Ɗora Wa Dattijo Laifina

Edita, assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai yanzu na samu ƙarfin zuciyar yin hakan. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba.

Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da takwas, ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a kudancin Landan, muna zaune a Camberwell ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu. 'Yar Zariya ce ni. Tun ina ƙarama nake ganin ƙananan jiragen 'yan koyo suna shawagi a kan unguwarmu, sha'awar tuƙin jirgi ta shiga raina ta zauna. Da yara suka ɗan tasa sai na shiga wani kulob na masu tuƙin nishaɗi a wani ƙaramin filin jirgi da ke bayan gari, tafiyar awa guda a mota. Shekara biyu na yi ina koyo a ranakun hutuna kafin na samu lasisi. Ni kaɗai ce baƙar mace a wurin, ni kaɗai ce mai hijabi, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya fasa min kai. Duk taron biki ko suna da na je a Landan sai an nuna ni an ce ga matuƙiyar jirgi, ni kuwa sai in yi murmushi kamar ban damu ba, alhali jiran maganar nake yi.

Filin ba wani babba ba ne, titin ciyawa ne guda ɗaya, sai rumfar ajiye jirage da ɗakin shan shayi. Ba shi da hasumiyar tsaro, kowa da kansa yake sanar da matsayinsa ta rediyo. A gefensa akwai wani ƙauye da mutanensa suka daɗe suna rigima da kulob ɗin saboda ƙara. Sun kai ƙorafi ƙaramar hukuma suna neman a rage ranakun tashi, wasunsu ma so suke a rufe filin. Saboda haka aka kafa mana doka mai tsauri. An liƙa taswira a bango an zagaye ƙauyen da jan alƙalami, ba a bi ta kansa ko da wane dalili, sai dai a kewaya ta gefen gonaki. Ga kuma dokar ƙasa da ta hana yin ƙasa-ƙasa a kan gidajen mutane. Duk na sani, na kuma sa hannu a kai.

A cikin 'yan kulob akwai wani dattijo Bature, ya haura saba'in, tsohon injiniya ne, matarsa ta rasu. Yana da jirginsa na kansa, fari mai shuɗin layi, irinsu ɗaya da wanda nake haya a kulob. Mutum ne mai zafin baki, a taron sulhu ma ya sha cacar baki da mutanen ƙauyen, don haka sun tsane shi. Amma ni alheri kawai na sani a wurinsa. Shi ya zauna kusa da ni sau da dama ya koya min sauka idan iska na bugowa ta gefe, shi ne kuma ya share min wani lungu a rumfar jirage, ya ce nan ne wurin sallata, kada kowa ya ajiye galan a wurin.

Wata bazara yayana ya zo ziyara daga Kaduna. Tun muna yara yake tsokanata, da ya ji maganar jirgi sai ya ce sai ya gani da idonsa. Na kama hayar jirgi ranar Asabar da hantsi, muka tashi lafiya, muka zaga har muka hango teku. A hanyar dawowa ya fara ƙorafi, wai tuƙin tsoro nake yi, mun ƙule can sama komai ya zama kamar tururuwa, bidiyon da yake ɗauka ba zai nuna wa mutanen gida komai ba. Ya nuna wata tsohuwar coci da jajayen rufin gidaje ya ce in matsa kusa mana. Na ce masa an hana. Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya direba, ashe dai lasisin naki na kallo ne." Ban san lokacin da na karkata jirgin ba. A'a, ƙarya nake yi, na sani sarai. Na duba ban ga wani jirgi kusa ba, na rage tsayi ƙwarai, na bi ta tsakiyar ƙauyen, sannan na ƙara wa injin wuta na haye. Abin bai kai minti ɗaya ba. Na hango wani abu yana motsi a wata siririyar hanya, ban mai da hankali ba. Yaya yana ta murna, ni kuma ina jin kaina wata babba.

Washegari shugaban kulob ya turo wa kowa saƙo. Wani jirgi ya bi ta kan ƙauye ƙasa-ƙasa, dokin wata mata ya firgita ya kayar da ita, ta karye a kafaɗa, tana asibiti. Waɗanda suka gani sun ce fari ne mai shuɗin layi, ba wanda ya karanta lambarsa. Ina tsaye a kicin na karanta. Littafin tashi da sauka ya nuna mu biyu ne muka tashi a wannan lokaci da irin wannan jirgi, ni da dattijon. Da shugaban ya kira ni ya tambaya, muryarsa ma ta nuna cika ƙa'ida kawai yake yi, don an san ni da bin doka. Na ce masa ta gefen gonaki na bi. Ya ce dama ya sani, ya yi min godiya. Kowa ya riga ya yanke hukunci a kan dattijon, 'yan kulob da mutanen ƙauye baki ɗaya, har ba wanda ya ga dalilin zurfafa bincike.

Na samu Yaya na ce ya goge bidiyon, ya kuma cire shi daga zauren danginmu na waya. Jikinsa ya yi sanyi, ya ce shi ya ja min, amma shawararsa ita ce in yi shiru tunda Allah Ya rufa asiri. Ni ma na tara wa kaina hujjoji. Na ce idan na faɗa za a karɓe lasisina, wataƙila maganar ta kai wurin aikina. Na ce za a ce ga irinsu nan, an ba su dama sun ɓata, duk wata mai hijabi da za ta zo bayana za ta tarar na rufe mata ƙofa. Na ce dattijon ya saba rigima, zai iya kare kansa. Maigidana ya lura ba na cin abinci, da ya matsa sai na gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ba zai tilasta min ba, amma in tuna haƙƙin mutum biyu ne a wuyana, wadda ta karye da wanda aka yi wa ƙazafi, kuma istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin wani. Na ji haushinsa a ranar, don gaskiya ya faɗa.

Kwana tara na yi a haka. A wurin aiki sai in ƙirga ƙwayoyi sau uku ban yarda da lissafina ba. A rana ta goma na je filin, don rashin zuwana ma zai iya jawo zargi. Na tarar da dattijon shi kaɗai a rumfa yana lulluɓe jirginsa. An dakatar da shi kafin taron da za a yi da mutanen ƙauye, wasu ma sun daina gaishe shi, suna cewa taurin kansa zai sa a rufe musu fili. Na zaci zan same shi yana zage-zage, sai na ga ya yi laushi, ya tsufa a cikin kwana goma. Ya ce da farko ya rantse ba shi ba ne, amma da kowa ya nace, har 'yarsa ta fara tambayarsa ko yana mantuwa, sai ya zauna yana ƙoƙarin tuna hanyar da ya bi, ya kasa tabbatarwa. Ya ce mahaifinsa da ciwon mantuwa ya rasu, kuma haka ya fara. Sannan ya dube ni ya ce, "Idan har zan iya yin wannan in manta, bai kamata in sake tashi ba. Zan sayar da jirgin." Ya ƙara da cewa ya riga ya nemi ganin likita.

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokaci ba. Ashe shiruna ya wuce ɓata masa suna, ya kai ga sa lafiyayyen mutum yana shakkar hankalinsa. Na ce masa hankalinsa ƙalau yake, ni ce. Na gaya masa komai ina kuka, har da ƙaryar da na yi wa shugaba. Ya zauna a kan wani akwati. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na ce akwai ma bidiyo da na sa aka goge. Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Bai ce ya yafe ba, bai kuma zage ni ba. Ya miƙe ya ce mu je ofis tun ƙafafuna ba su canja shawara ba.

Shugaban kulob ya yi fushi ƙwarai, ya ce ƙaryar ta fi masa ciwo a kan laifin. Na rubuta rahoto da hannuna aka aika wa hukumar jiragen sama. Kulob ya dakatar da ni wata shida, hukuma ta ba ni gargaɗi a rubuce, aka kuma ce sai na sake horo da malami kafin in ɗauki kowa. Na sanar da shugabata a wurin aiki kafin ta ji a wani wuri, ta saurare ni, maganar ta tsaya nan. Abin da ya fi min wuya shi ne zuwa gidan matar. Na same ta da hannu a rataye, mace ce mai kimanin shekara sittin. Ba ta sakar min fuska ba, ta ce da a ce kanta ne ya bugi kwalta da yanzu wani zancen ake yi, kuma jikarta takan hau wannan dokin. Na ce ba ni da abin kare kaina. Ta karɓi haƙurin da na ba ta da sharaɗin in tsaya a gaban mutanen ƙauye in maimaita abin da na gaya mata.

Na tsaya kuwa, a zauren taronsu. Na ce ni ce na bi ta kansu, ba dattijon ba, na san doka na karya ta don in burge ɗan'uwana. An yi min maganganu masu zafi, kuma na cancanta. Wani ya ce a rufe filin kawai. Abin mamaki, matar ce ta ce ita ba rufewa take nema ba, so take ta hau dokinta cikin kwanciyar hankali. A ƙarshe aka daidaita a kan daina tashi da safiyar Lahadi, aka kuma buɗe hanyar da mutanen ƙauye za su riƙa kai ƙorafi kai tsaye. Ba a rufe filin ba, kafaɗarta ta warke, likita ya tabbatar wa dattijon lafiyarsa lau. Ya yi wata biyu ba ya yi min magana in ban da gaisuwa, daga baya ya sauko da kansa. Ranar da na fito daga wannan taro na shiga mota, na ji wani irin sauƙi a ƙirjina da rabona da shi tun ranar Asabar ɗin. Har yau idan na tuna yadda abin zai iya ƙarewa sai in yi hamdala.

Na koma tuƙi, amma ba ni ce ta da ba. Abin da nake son gaya wa 'yan'uwa, musamman mu da muke ƙasar waje muna son a ga mun kai wani matsayi, shi ne duk dokar da ka ga an kafa, a jirgi ko a mota ko a wurin aiki, akwai wani mutum a ƙasa da aka kafa ta dominsa, ko da ba ka ganinsa. Kada tsokanar wani ko son a yaba maka ya karɓe sitiyari daga hannunka. Idan kuma ka riga ka yi kuskuren, ka faɗa tun a ranar farko. Hukuncin da aka yi min wata shida ne, ya zo ya wuce. Amma kwana tara ɗin da na bar bawan Allah yana zaune shi kaɗai yana tunanin hankalinsa ya fara gushewa, ba ni da hanyar mayar masa da su.