Baba Kolo da Ƙarfen da Ya Ƙera wa Inna

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1972, mako guda bayan Ƙaramar Salla, Allah ya karɓi ran Baba Kolo Maƙeri na Gafasa, da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Labarin ya same ni a makaranta ranar Juma'a, muna fitowa daga ɗakin cin abinci. Na koma aji na zauna, na buɗe littafi, ban ga ko baƙi ɗaya ba.

Baba Kolo, ni ba mai yawan magana ba ce, kai ma ka sani. Sau nawa ka tsare ni a ƙofar maƙera kana cewa, "Amarya, yau ma ba za a gaida ango ba?" ni kuwa in rufe fuska da gyale in ruga. Abokin marigayi kakana ne kai, shi ya sa ka mai da ni amaryarka ta wasa. Abin da na kasa faɗa maka da baki, yau ga shi na rubuta.

Manyan garinmu za su ba da labarin garemani da lauje da ka ƙera musu, da yadda iyayenka suka taso daga Barno suka kafa maƙera a Gafasa tun ba a haifi mahaifina ba. Mata za su tuna yadda kake gyara musu wuƙa da ludayin ƙarfe kana ta zolayarsu. Ni kuwa labarin ƙarfe ɗaya zan bayar, wanda tsawonsa bai kai taƙi ba.

A daminar 1970 ne, ina aji biyu, na zo hutu na tarar da mahaifiyata, Inna Hanne, kwance. Matauninta na ƙasa ne ya dame ta, aka kira wani baƙon mai cire haƙori da ya zo cin kasuwa. Ya kama da awartaki irin na kowa, ya murɗa, kan haƙorin ya dare, saiwar ta maƙale a cikin muƙamuƙi. Kafin kwana huɗu kumatunta ya kumbura har ya taɓa ido. Kunu ma da ƙyar yake wucewa. Hanyar mota kuwa ruwa ya yanke ta, babu zancen kai ta Kano.

Mahaifina ya taka da ƙafa ya ɗauko Malam Hadi, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da mu, wanda ya taɓa koyon aiki a hannun likitan haƙori a birni. Ya zo yana tura kekensa cikin taɓo. Ya duba Inna, ya yi mata allurar fenisilin, ya fito zaure ya gaya wa mahaifina gaskiya: allura za ta riƙe kumburin kwana biyu ko uku, amma in ba a fitar da saiwar ba, zai iya gangarawa maƙogwaro. Awartaki ba zai yi ba, domin babu sauran kan da za a kama. Akwai wani ƙarfe na musamman da ake zurawa a gefen saiwa a ɓanɓaro ta. Nasa ya karye tun bazara, sabon da ya nema bai iso ba.

Kana zaune a zauren, Baba, ka zo dubiya. Sai ka ce, "Kai Bafillace, buɗe akwatin nan mu ga abin da kake ɓoyewa."

Malam Hadi ya ce, "Babarbare, wannan ba kayan noma ba ne."

Amma ya buɗe. Ni ina bayan ƙofa da butar ruwa, na leƙa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarafa ne farare ƙal jere a kan koren ƙyalle. Ga ɗan madubi mai doguwar ƙota, faɗinsa bai wuce na sisi ba. Ga wani siriri kamar tsinke, bakinsa a lanƙwashe. Ga awartaki har shida, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ka wanke hannu ba wanda ya ce ka wanke, ka riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya kamar ɗan makaranta. Me ya sa wannan miƙaƙƙe ne, wancan kuwa bakinsa ya karkata kamar na aku? Malam Hadi ya ce miƙaƙƙen na haƙoran sama ne, karkataccen na ƙasa, domin hannun mai aiki ya tsaya a waje kada ya tare masa gani. Me ya sa waɗannan biyun suke kamar tagwaye amma suka juya wa juna baya? Ya ce na mataunan sama ne, dama da hagu, domin mataunin sama saiwa uku gare shi, na ƙasa biyu. Me ya sa ba su tsatsa? Ya ce wani haɗin ƙarfe ne da ake yi a Turai.

Ka buga cinya ka ce, "Shekara hamsin ina tsammani awartaki awartaki ne! Wanda ya ƙera waɗannan ya kwana a cikin baki."

Sannan ka ɗauki karyayyen, ka juya shi, ka ce, "Zan yi shi."

Bakinsa ne ya karye, guntun kuma ya ɓata, saboda haka babu abin kwaikwayo sai hoto a littafin Malam Hadi, da bayani da Turanci a ƙasa. Shi kuwa dole ya koma wurin marasa lafiyarsa sai gobe. Ka waiwayo ka ce, "Amarya, yau bokonki zai yi rana." Da ma'aunin da ke cikin kwalin lissafina muka auna. Na karanta maka cewa bakin siriri ne, gefe ɗaya a kwarɓe kamar cikin cokali don ya rungumi saiwa, ɗaya gefen a dunƙule don ya jingina da ƙashi. Ka ce hoto ba ya ciwo, a kawo maka haƙori na gaske. Ka aika mahauta aka kawo muƙamuƙin rago.

Ba ka taɓa ƙarfen garma ba, ka ce zai lanƙwashe. Ka jawo wani falle na sifirin babbar mota da ka daɗe kana ɓoyo, ɗanka Umara ya hau zugazugi. Na tsaya a bakin maƙera tun hantsi har azahar, ban ji yunwa ba. Ka buga, ka goge da magagari, ka gwada da hoton, ka sake gogewa. Da ka gama ka ba shi ruwa yadda kake ba wuƙa. Ka zura shi a gefen haƙorin ragon, ka murɗa, sai ƙas! Bakin ya tsinke.

Ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Ka daɗe kana duban guntun a tafin hannunka, ka ce, "Da a bakin Hanne ne fa?"

Ka sake daga farko. Wannan karon bayan ka ba shi ruwa sai ka goge shi ya yi haske, ka ɗora shi a gefen garwashi, ka ce in zo in gani. Launi ya riƙa tafiya a jikin ƙarfen kamar mai rai, daga ruwan zuma zuwa ja-ja, daga nan zuwa shuɗi irin na wuyan tantabara. Yana kaiwa shuɗin ka tsoma shi. Ka ce wuƙa tauri take so, wannan kuwa juriya yake so. Haƙora biyar ka ɓanɓaro daga muƙamuƙin ragon nan, ƙarfen ko gezau. Umara ya yi kabbara. Ni ma na yi, a zuci.

A nan ne ka yi kuskuren da har ka bar duniya mutanen Gafasa suna yi maka dariya a kansa, kai ma kana taya su. A wurinku maƙera, ba a miƙa wa mutumin kirki ƙarfe tsirara. Ba ka gaya wa kowa ba, ka sassaƙa masa ƙota ta icen ƙirya, ka kai wa baduku ya lulluɓe ta da jar fata, har da 'yan tuntaye. Da safe da Malam Hadi ya iso ka miƙa masa da hannu biyu, kana ƙasaita. Ya duba shi. Ya sa aka ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, ya jefa shi ciki, domin duk abin da zai shiga bakin mutum sai ya dahu sulusin awa.

Ruwan ya koma ja. Fatar ta kumbura ta saɓule, icen ya tsage. Malam Hadi ya tsamo ta da cokali ya ce, "Babarbare, ga gandarka ta nuna. A kawo yaji ne?"

Kowa ya yi dariya, ban da kai. Ka ji numfashin Inna daga ɗaki. Ka ce, "Bafillace, yau ka ci ni. Faɗi yadda kake so, rana tana tafiya."

Ya ce ƙota da baki su zama ƙarfe ɗaya, ba mahaɗi, ba rami, ba inda jini zai ɓuya. Ta cika tafin hannu, kada ta zame ko hannu ya jiƙe. Sai ka ɗebo yumɓu ka ce ya damƙe shi yadda yake riƙe kayan aikinsa. Ka ɗauki shaidar hannun nan ka ajiye gaban uwar maƙera, ka ƙera sabo gaba ɗaya. Ka yi wa ƙotar kusurwa takwas don kada ta mirgina daga faranti. Ka zana ta da magagari, layi ya gitta layi kamar saƙar tabarma. Kusa da wuya ka bar wani ɗan fili sumul, daidai inda yatsansa manuni ya kwanta a yumɓun. Kafin azahar ka gama. Da Malam Hadi ya riƙe, sai ya ce, "Baba, wannan ya fi na Turai zama a hannuna." Ranar ce kaɗai na ji ya kira ka Baba.

Saura abu ɗaya. Ƙarfenmu ba irin nasu ba ne, in ya dahu a ruwa zai fito da tsatsa. Malam Hadi ya ce a birni soda suke zubawa a ruwan, shi kuwa ba shi da ita. Na tuna malamarmu ta kimiyya ta ce kanwa da soda 'yan'uwa ne. Sau uku na buɗe baki a gaban maza, muryata ta ƙi fita. Daga ƙarshe na raɗa wa matarka, Ya Kellu. Ita kuwa ta ɗaga murya har maƙwabta suka ji: "Amaryarka ta ce a sa kanwa!" Ta kawo kanwar ungurnu mai kyau irin ta garinsu. Aka tace, aka dafa, ƙarfen ya fito fes.

Bayan la'asar aka zaunar da Inna a tsakar gida inda haske yake. Ya Kellu ta riƙe mata kai, ni na riƙe faranti. Malam Hadi ya yi allurar kashe zafi, ya haska da ɗan madubinsa, ya zura ƙarfenka a hankali. Na ga yatsansa ya kwanta daidai inda ka bar masa. Ya murɗa kaɗan, ya dakata, ya sake murɗawa. Saiwa ta farko ta taso. Ta biyu ta yi gardama, gumi ya keto masa. Sai na ji ɗan ƙara, ƙwal, a cikin farantin. Ya Kellu ta rangaɗa guɗa. Ban san lokacin da na ruga zaure ba, ba gyale, ina cewa, "Ta fita! Baba, ta fita!"

Ka tashi tsaye, ka zauna, ka sake tashi. Mahaifina ya riƙe hannunka. Kai kuwa abin da ka roƙa shi ne a nuna maka saiwar. Ka ɗora ta a bakin ƙarfen, ka ɗaga su sama kana dubawa da ido ɗaya, ka ce, "Ya yi faɗi da kamar gashi ɗaya. Ba ni shi in rage, kafin ya shiga bakin wani."

Ya kuwa shiga bakin mutane da yawa, daga Ajingi har Kademi. Sabon na Turai ya iso bayan kaka, amma Malam Hadi ya ce naka yake fara ɗauka. Daga baya ka ƙera masa ƙannensa biyu, mai karkata dama da mai karkata hagu, ba wanda ya sa ka.

Shugabar makarantarmu ta ba ni izini na je sadakar bakwai. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma cika doguwar magana da ni ba. Amma da zan dawo ta biyo ni har soro, tana duban ƙasa, ta ce, "Ke, an ce za ki yi rubutu a kansa. Ki sa cewa shekara biyu ke nan ban ɗaga hannu na yi addu'a na bar shi a baya ba. Ki kuma sa cewa da ɓangaren nan nake tauna aya." Na sa, Baba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ya Kellu, da Umara da ƙannensa, da jikoki, da dukan maƙeran Gafasa, da Malam Hadi wanda ya rasa abokin wasa. Allah ya ba ku haƙuri, ya riƙa muku abin da ya bari.

Ya Allah, bawanka Kolo ya sauƙaƙa wa mahaifiyata ciwo a ranar da ba mu da dabara. Ka sauƙaƙa masa kwanciyar kabari, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Sa'adatu Gafasa
Aji Huɗu